Matar Dutse da Yaron da Kaka Ta Goya

A gidanmu na Greenbelt, can ƙasar waje, babu murhu. Sau ɗaya Kaka Laraba ta hura gawayi a baranda, ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Daga ranar ta koma gindin hitar ɗumama ɗaki, ta miƙe ƙafafu cikin safa biyu, ni da ƙanena Bitrus muna kwance a kafet. Mama tana aikin jinya a Largo, kafin ta dawo mun ci tuwo mun wanke kwanuka. Wannan tsakanin na Kaka ne.

"Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" in ji ta.

"Mu ne," mu amsa da Hausarmu mai ɗingishi.

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta Matar Dutse. Sarkin birai ya toshe idon ruwan gari a kan dutse. Duk namijin da ya hau neman ruwa, sai a ba shi nama da riga, ya sauko yana cewa ai ƙishirwar ba ta kai haka ba. Sai wata gwauruwa ta hau. Aka ba ta nama, ta ƙi. Aka ba ta zinariya, ta ƙi. Ta zauna a kan toshiyar, rana tana dukanta, har jikinta ya zama dutse. Nauyinta ya tsaga wurin, ruwa ya gangaro gari. Ita kuwa har yau ba ta sauko ba.

Tun tana budurwa Kaka ta yi renon wani yaron Bature a Jos, ɗan manajan kamfanin kuza. Ba ya barci sai ta yi masa wannan tatsuniya, kuma ta ce Hausarsa ta fi tamu. Yaron ya girma ya zama marubucin fim a Ingila. Ya daɗe yana rubuta wasannin 'yan sanda na talabijin, ya yi finafinan yaƙi da ba su yi kasuwa ba, sannan ya rubuta wanda ya ɗaga shi har aka ba shi lambar yabo. Mama ce ta aro faifan daga laburare don ta faranta wa Kaka rai.

Da farko Kaka murmushi take yi. Ta gane dutsen, ta gane biran, ta gane matar. Sai ga wani injiniya Bature ya hau da nakiya, ya fasa toshiyar, ya sauko da matar a hannunsa tana kuka tana godiya.

"Wannan kuma daga ina?" in ji Kaka.

A ƙarshen faifan akwai hira da marubucin, kansa fari fat. Ni aka sa fassara. Ya ce labarin ya faɗo masa ne wata safiya yana yawo da karensa.

"Sake faɗa mini, Rifkatu," in ji Kaka.

Na sake.

"Da karensa," ta ce a hankali. "Ni na goya yaron nan, bayana ya yi wa fitsari. Rashin ambaton sunana bai dame ni ba, ni ma a bakin kakata na ji. Amma matar nan a'a ta ce. Abin da ta mallaka ke nan, shi ma ya ƙwace."

Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi, amma ba ta ƙara yin wannan ba. In mun roƙa sai ta ce an tsoma mata hannu a ciki. Haka ta rasu.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan haƙuri take koyarwa. Sai da na girma na ga ba haƙuri ba ne, ƙi ne, kuma mai ƙarfi ya fi son a nuna masa mai godiya. Da marubucin ya mutu jaridu suka yi ta yabonsa wai ya ba Afirka murya. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Bara na tara yaran cocinmu na yi musu Matar Dutse yadda na ji ta. Da na gama, wata 'yar yarinya ta ɗaga hannu, ta ce da Turanci ta ga fim ɗin a makaranta, wai na manta da injiniyan.

Ba laifinta ba ne, don haka na sassauta murya.

"Babu wani injiniya," na ce. "Matso kusa, zan sake daga farko."