Malam Yahuza da Ƙunshin Alhamis

Duk ranar Alhamis, da an idar da sallar asuba, Malam Yahuza yakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya barbaɗa kafur, ya sauko da wani busasshen ƙoƙo mai doguwar wutsiya daga saman kabad, ya naɗe shi a hankali. Sai ya ɗaure a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya baro unguwar Wemtenga zuwa lakwal, makarantarmu ta boko a Zongo, yana kauce wa ramuka kamar mai dakon ƙwai. Shekara ashirin da takwas ke nan yana koya wa 'ya'yanmu ilimin halittu. Watan gobe zai ajiye alli. Mu mutanen Zongo mun iya yabon mutum, amma sai bayan ya kwanta dama. Ni na ce ba zan jira ba.

Abin da ke cikin ƙunshin tsaraba ce. Marigayi Alhaji Isiyaku, mai kawo yadi daga Bankok, ya taɓa tambayarsa me yake so. Kowa agogo yake cewa. Yahuza ya ce a samo masa ɓawon wata halittar teku, ya zana ta a takarda: zagaye kamar kofaton doki, da tsinke a baya. Faransawa na ce mata limil. Mu ba mu da sunanta, don ba a taɓa ganinta a tekunan wannan nahiya ba, balle a Wagadugu inda ruwanmu ya ƙare a baraji, madatsar ruwan gari. Yara dai suka raɗa mata Kaka.

Kafur ɗin saboda gara ne, ƙyallen kuma ragowar yadin Alhaji. Alhamis ita ce ranar darasin. Amma a Zongo, farin ƙyalle da kafur abu ɗaya suke nufi. Ba a yi wata uku ba magana ta cika rumfuna: malamin lakwal yana yi wa wani abu likkafani, yana kai shi gaban yara daren Juma'a na gabatowa. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Aka kira taron iyaye, kuma kowa ya san in aka tashi bai wanke kansa ba, aikinsa ya tafi, da shi da mutuncinsa a masallaci. Ina wurin, a matsayin tsohuwar ungozomar asibiti, kuma 'yata tana ajinsa.

Hajiya Umma ce ta jagoranci masu ƙara. Mace ce da ko dillalan kasuwa ke shakkar bakinta. Ta ce ya kwance ƙunshin a gaban jama'a. Ya kwance. Alhaji Muntari, da ya zauna a gaba don ya fi kowa gani, ya ja kujera baya har ya taka babbar rigarsa.

"Alhaji, ba ta harbi," in ji Yahuza. "Wutsiyar nan sanda ce. In igiyar ruwa ta kifar da ita, da ita take dogarawa ta miƙe."

Muntari ya ce shi dai ya ga kunama. Yahuza ya ce ai bai yi nisa da gaskiya ba, don ana kiranta kaguwa amma ta fi kusa da kunama da gizo-gizo. Ya juya ta, ya nuna bakinta a tsakiyar ƙafafu, da abin numfashinta jere kamar shafukan littafi, ya ce idanunta sun kai goma. Hajiya Umma ta ce ashe dai ta fi matan unguwa sa ido. Dariyar farko ke nan da aka yi a taron.

Da ya ce danginta sun fi shekara miliyan ɗari huɗu a duniya, wani dattijo ya tambaya wa ya ƙirga. Yahuza bai kawo sunan Bature ko ɗaya ba. Ya ce duwatsu jere suke hawa-hawa kamar yadi a shago, kuma duk ɗan Zongo ya san turmin da ke ƙasa shi ya riga shigowa. A can ƙasa ake samun sawunta. Dattijon ya shafa gemu, ya ce wannan kam ciniki ne ya sani.

Nan na sa baki, don in nuna na yi boko. Na ce littattafanmu sun koya mana halitta ce da ba ta taɓa canzawa ba.

"Inna, littafin ya yi gaggawa," in ji shi. "Danginta da yawa ne. Akwai masu ƙaho kamar bijimi, akwai waɗanda suka zauna a ruwan fadama, akwai 'yan uwanta kunamun teku da suka fi mutum tsawo. Duk sun ƙare. Iri huɗu suka rage."

Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Shekaru ina zargin masu haddace maganar kakanni, ashe ni ma haddar Faransa nake yi.

Abin da ya kashe maganar shi ne jini. Ya ce jininta shuɗi ne saboda tagullar da ke ciki, kuma yana daskarewa da ya haɗu da dafin ƙwayar cuta, shi ya sa ake gwada allurai da yawa da shi kafin su shiga jikin mutum. Ya tambaya ko akwai wadda ba a taɓa yi wa ɗanta rigakafi ba. Ba hannun da ya tashi. Hajiya Umma ta matso, ta sa yatsa ta taɓa ɓawon.

"To, Malam, ka ji tsoron Allah. Mai wannan alheri kake naɗewa kamar gawa?"

Washegari ta aiko da atamfa mai ruwan goro, a riƙa rufe farin ƙyallen da ita. Tun daga ranar, duk shekara sai ta aiko da sabuwa, kuma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Ita kam ba ta canzawa, sai dai launin atamfar.

Malam Yahuza, kai ne wanda aka kifar a gaban jama'a, ka dogara da abin da ka sani ka miƙe, ba ka harbi kowa ba. Kai ka kawo teku cikin ajin da rufinsa ke yoyo. Da aka rushe gefen unguwar Kuluba mutane suka warwatsu, ka bi ɗalibanka har unguwar Tampuy da ƙunshinka, don kada jarrabawa ta same su a kwance. Fitila a gindin tukunya, ba wanda ya rataya maka lamba, ba kuma ka nema ba.

Cikin yaran da aka janye a waccan shekara har da Nafisatu, jikar Hajiya Umma. Ita ce za ta karɓi ajin, kuma ya riga ya miƙa mata Kaka da gwangwanin kafur.

Mun gode, Malam. Allah Ya ba ka hutu mai tsawo da lafiya. Ku kuma masu tasowa, malamai da iyaye, in kun ga ƙunshi yana wucewa a bayan moto, kafin ku kai maganar rumfa, ku tsayar da mai shi ku ce ya kwance.