Murhun da Turawa sunka aiko muna

Da tsuhwana na koyi rubutu, kuma wanga abu na cikin abin da nika son in rubuta, don har yau yana ci mini rai.

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa da wuri, da yaz zo kuma yac cinye muna shinkafa a fadamun Bakolori, wasu mutane sunka shigo unguwarmu nan Talata Mafara da babbar mota. Sunka raba muna wani ɗan murhun ƙarhe, bai kai kwandon goro ba. Saurayin da ke yi musu bayani yac ce hayaƙi ne ya ɓata damina. Wai wani kamfanin Turawa ya biya, hayaƙin da munka rage sai a lissafa musu shi, injunansu su ci gaba da aiki. Sharaɗi guda: mu bar murhun duwatsu, kuma za a riƙa zagayowa dubawa.

Na amsa dai, kyauta ce.

Sai jikanyata ta taho daga Maradun wankan gida, haihuwar hwari. Ruwan jego a babbar tukunya aka dahwa shi, sahe da marece, shi tahwasa da ganyen runhu. Na ɗora tukunyar bisa murhunsu, yat tuntsure. Nim maido duwatsuna, nih hura icce.

Ran nan saurayin yaz zo ya iske wuta na ci.

"Haba Inna! In Turawan sunka ji, duk unguwar ga za a cire daga shirin. Akwai hitila mai hasken rana da za a kawo."

"To da mi zan dahwa ma maijego ruwa?"

"Ki ɗumama kaɗan a buta."

"A buta! Kai uwarka da buta anka yi mata? Su da hayaƙinsu ya cinye mini shinkafa suna kwance cikin sanyi, ni ce zan bar ɗiyar mutane ta kumbura don su ƙara inji? Ɗauki abinka."

Yaɗ ɗauki murhun yat tahi. Hitila ba ta zo unguwarmu ba.

Maƙwabta sunka ɗora mini laihi. Ranar suna mata kaɗan sunka leƙo, wata ma ta ce tsohuwar banza ta ja musu duhu. Ni ko ban rage icce ba har yarinya ta yi arba'in. Na raka ta tasha da goyonta, jiki garau, ba kumburi ko a yatsa. Wadda taz zage ni har yau ba ta gaishe ni, ni ma ba ni gaishe ta.