Bangon da Glenys ta wanke

Shekara talatin da ɗaya muna haɗa bango da Glenys Ackroyd a layinmu na Barnsley a Ingila, ban taɓa ganin ƙura a tagarta ba. Aikin shara ta yi a makarantar firamare har ta yi ritaya, amma tsumma bai bar hannunta ba. Ko ana ruwa sai ta goge dokin ƙofarta. Mijinta Stan tsohon mai haƙar kwal ne, rami ya bar shi da ƙirji mai ƙara kamar zugazugi.

Da gwamnati ta fito da tallafin gyaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi don ɗumi ya daina zurarewa, Glenys ta ce ita ba ta cin sadaka. Ni na matsa mata, har yau abin na ci mini rai. Ma'aikatan wani kamfani suka zo suka huda bango, suka ɗura masa wani abu kamar auduga, suka toshe kafar iska, kafin la'asar sun yi gaba. Yawan gidaje ake biyansu, ba kyan aiki ba.

Sanyin farko gida ya yi ɗumi. A na biyu bango ya jiƙe, baƙar fumfuna ta mamaye ɗakin kwana daga bayan gado har silin. Wari ya cika ɗakin. Stan ya koma barci a zaune, tari ba ya barin shi ya miƙe.

Wata takwas ina buga waya a madadinta, kamfanin ma ya rufe ya sake buɗewa da sabon suna, ko kunya babu. Daga ƙarshe aka ce mai dubawa zai zo ranar Talata, in ya ga ɓarnar da idonsa a kwashe abin da aka ɗura a bangon ba tare da ta biya ko sisi ba.

Da safen na leƙa. Tun daga ƙofa warin bilic, sinadarin wanki, ya doke ni. Bango fes, hannuwanta sun yi jajir.

"Glenys, me kika yi haka?"

"Haba maƙwabciya, baƙo zai shiga ɗakin kwanana in bar masa wannan ƙazanta? Ya je ya ce matar Stan ƙazama ce?"

Mai dubawar ya zo, ya sha shayi, ya ci biskit. Ya tambaye ta yaya gidan, ta ce ba laifi, kamar yadda muke cewa a nan ko da rai zai fita. Na rantse masa jiya bangon nan baƙi ƙirin yake. Hancinsa ba a toshe yake ba, na'urar gwada danshi kuma tana cikin jakarsa, bai ko fito da ita ba. Ya ce shi abin da ya gani yake rubutawa, ya shawarce ta ta riƙa buɗe taga. Tir da irin wannan aiki.

Sati uku fumfuna ta dawo. A Fabrairu aka kwantar da Stan a asibiti, likita ya ce ba zai sallame shi zuwa ɗakin nan ba. Sake dubawa kuwa, wai sai baɗi.

Jiya na shiga na tarar da ita zaune a bakin gadon, bango ya yi baƙi har labule, bokiti a kife a gefe.

Ta ce, "Na bar fumfunar, maƙwabciya. Su zo su gani."