Zabin Baba Maina a shingen lambuna

Yau da safe na isa lambuna na bakin kogi, sai ga zabi biyu yankakku rataye a jikin shinge. Na tsaya ni kaɗai ina ta dariya.

Kwanakin baya karnukan mafarauta suka tattake mini kwamin albasa har sau uku. Raina ya ɓaci, na so kai ƙara wajen mai unguwa. Amma shugaban mafarautan Baba Maina ne, maƙwabcinmu, abokin mahaifina. Sai na sayi goro na nufi zaurensa.

Na durƙusa na ce, "Baba, albasata fa ta ƙare."

Ya ce, "Kai ma da naka, ɗana. Ka toshe hanyar kogi da ƙaya, ta ina karnuka za su sha ruwa? Buɗe mana taku uku ta gabas, sauran ka bar mini."

Na buɗe. Tun ranar ko sawun kare ban ƙara gani a kwamina ba. Yau kuma farfesun zabi za mu sha a gida.

Ashe ba albasata suke nema ba, hanyarsu na tare.

Ku masu lambu a fadama, ƙaya kuke ƙarawa ko goro kuke kaiwa?