Tsagen Fuskar Sabo

"Na gaya maka ɗan ƙaninsa ne ni," in ji baƙon, wanda ya ce sunansa Sabo, kuma ya zo ɗaukar Malam Balarabe ne. "Ba ka ji ya kira ni Uba ba? Sunan mahaifina ke nan."

"Ni ma Uba yake kirana," in ji Mudi. "Jiya har jakin mai ruwa ya samu sunan."

Mudi mai wankin gyambo ne a ɗan asibitin Tudun Wada, shekara tara yana aikin, kuma shi ke sallamar waɗanda suka warke. Malam Balarabe, wanda matarsa Hajara ta kawo daga Doguwa da ciwon ƙafa, ya warke sarai, sai dai gigin tsufa ya ci ƙarfinsa. Kowa ya miƙo masa hannu binsa zai yi.

Tun damunar 1953 Mudi ya daina sakin irin waɗannan tsofaffi haka nan. A lokacin ya ɗora wata tsohuwa a kan lori, ya damƙa ta ga wani da ya ce hanyarsu ɗaya. Mutumin ya sauka a rabin hanya, ya bar ta. Sai bayan kwana uku makiyaya suka tsince ta a bakin dajin Falgore, tana tambayar hanyar gidan iyayenta.

Mudi ya dubi fuskar tsohon: tsage uku-uku a gefen baki. Ya dubi ta Sabo: bille ɗaya tak a kumatun hagu.

"Malam Sabo, wa da ƙani uba ɗaya, wanzami daban ya yi wa 'ya'yansu aski?"

Sabo ya shafa kumatunsa, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai ɗan sanda ne ko malamin asibiti?"

"Gyambo nake wankewa. Na saba duba ƙarƙashin bandeji."

Sabo ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa. Can ya ce shi maƙwabci ne. Gwaggo Hajara ce ta aiko shi, ƙafa ta hana ta tafiya, shi kuma ya ji an ce asibiti ba ya ba bare majinyaci.

Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma Hajara da bakinta ta ce za ta aiko da carbinta a matsayin shaida, Sabo kuwa bai ko ambace shi ba.

"Ka koma ka gaishe ta," in ji Mudi. "Ta san abin da za ta ba ka. Ranar kasuwa ka dawo da shi."

"Wannan doguwar tafiyar?"

"Allah ya ba da lada."

Sabo ya fice ba sallama. Tsohon ya kamo bakin rigar Mudi. "Uba, an tashi yara daga karatu?"

"An tashe su, Malam. Sha kununka."

Ya gyara masa buzu a inuwa, ya ɗauki kwanon ruwan zafi, ya nufi rumfa inda masu gyambo biyar ke jiransa.