Tafin Hannun Baba Inusah

Kowace safiya, tun kafin ya kurɓi shayi, Baba Inusah yakan ɗauki sandar ƙarfe ya bi rumbunan kwal na jirgin ruwan da yake aiki a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya soka ta cikin kwal ta wata 'yar kafa, ya jira, ya zaro, ya damƙa ya ji zafinta. Shekara goma sha biyu yana haka, abokan aiki suna yi masa tsiya wai tuwo yake tuƙawa.

Jirgin ruwan tsoho ne, ƙirar 1961, tsawonsa mita ɗari da tamanin, rumbu biyar. Kwal tan dubu ashirin da biyar yake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Norfolk zuwa tashoshin lantarki da ke arewa da ita, wajen New York. In ya tsaya gaban Stapleton, unguwarsu da ke bakin ruwa a New York, matarsa Balki takan hango shi ta taga, ta ɗora ruwan wanka.

Kwaku, abokin aikinsa, ya ba ni labarin wata safiya a 1991. A rumbu na uku sandar ta ƙona Inusah har fata ta saɓule. Kwal ya kama ci daga ciki, ga mutum ashirin da huɗu a tsakiyar teku. Mataimakin kyaftin ya ce a buɗe murfin rumbun ya sha iska. Sai Inusah ya haye murfin ya zauna.

"Oga, in mun kai New York ka kore ni. Amma ba ka buɗe shi," in ji shi da Hausarsa ta Salaga. "Uwana yana ƙona gawayi a Salaga. Wuta in ya ɓuya, ka ba shi iska, ya tashi."

Kyaftin ya dubi hannun, ya sa aka toshe kowace kafa. Da aka sauke kayan, sai ga garwashi jajir, ya kai girman ɗaki. Rahoton kamfani bai ambaci sunansa ba, kuma abin yana yi mini ciwo har yau.

A watan nan za a yanka jirgin a sayar da ƙarfensa. Inusah ya ajiye aiki, sandar kaɗai ya ɗauko.

Kai ne, Baba, na Balki, mai jin wuta kafin hayaƙi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma mu koyi duba abin da aka ba mu amana, ko ana mana dariya.

In kuka gaisa da shi a Stapleton, za ku ji tabo a tafinsa. Kada ku yi saurin sakin hannun. Mutum ashirin da huɗu ne a ciki.