Barsu da Kajin Ba Madu

Ba Madu maƙwabcina ne a unguwar Dala ta Maiduguri. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ba ta kai kafaɗata ba. Shi Babarbare ne, ni Bafulatani, to kun san wasan da ke tsakani tun kaka da kakanni. Shekara goma ban taɓa gaishe shi da ladabi ba. In na turo keke Napep ɗina da safe sai in leƙa in ce, "Bawana, ka ƙirga zanen fuskarka? Ba a sace ko ɗaya ba?"

Shi kuma ko ɗagowa ba ya yi. "Fulata marar saniya, je ka yi kiwon fasinja."

An haife shi a wani ƙauye ta hanyar Dikwa. Gero da wake ya sani, bai san wani aiki ba. Shekarar da fitina ta kai ƙauyensu ya shigo gari a ƙafa, shi da matarsa Ya Kellu, da kaji biyu a kwando. Ya baro gona da rumbu biyu, da ɗa ɗaya wanda har yau ba a san inda yake ba. Wannan kam ban taɓa yi masa wasa a kai ba.

Kaji biyun nan su suka tashe shi. Cikin shekara uku tsakar gidansa ba wurin taka ƙafa. Kajin gida ne, masu tono, ba irin farare na gidan gona da ke zaune kamar marasa lafiya ba. Mai shayin layinmu a wurinsa yake ɗaukar ƙwai. Mafi girman masu sayensa kuwa Hajja Ammatullahi ce ta Shehuri, wadda ke yi wa manyan gidaje girkin suna da walima. Da kajin nan suke ci, da su yake saya wa Ya Kellu maganin hawan jini.

Sai dai kaji suna da masoya da yawa. Shaho ya ɗauka ta sama, muzuru ya ɗauka ta magudana, ga kuma masu ƙafa biyu. Da abin ya ishe shi sai ya ce in kai shi wurin Anselm, mai shagon da nake sayen kayan keke, don karyarsa ta haihu. Na ce, "Kare za ka haɗa da kaji? Ai gara ka yanka su mu ci tun da sauran mutunci." Kowa a layi haka ya ce.

Amma Babarbaren nan yana da dabara. Kwikwiyon da ya zaɓa ko tafiya bai iya sosai ba. Ya kai shi akurki ya ajiye kusa da wata jar kaza mai masifa da ke kan 'yan tsaki. Duk motsin da ya yi, sai sara a hanci. Kwana bakwai ana haka, kwikwiyo ya gane waye babba a gidan. Ba Madu ya sa masa suna Barsu, wai amsarsa ke nan ga masu surutu irina.

Na ga abin da idona, ta saman katanga. Barsu ya girma ya zama ƙato, baƙi, in ya yi haushi har ƙofar langa-langa tana amsawa. Amma in zakara ya zo wucewa, shi ke kaucewa. Da rana ya kwanta a gindin dalbejiya, 'yan tsaki su hau bayansa suna tsince masa kaska. Inuwar shaho kawai zai gani a ƙasa ya miƙe. Shekara biyar ko tsako ɗaya bai yi ciwon kai ba. Akwai wani tsohon kwano da Ya Kellu ke cika da ruwa a bakin akurki, nan kare ke sha, nan kaji ke sha. Ba wanda ya damu, don ba wanda ya sani sai mu.

Wata ranar Laraba Hajja Ammatullahi ta tare ni a bakin titi, ta ce in kai ta gidan mai kaji, tana da suna jibi. Ba ta taɓa shiga ciki ba, a ƙofa ake fito mata da kaya. Ba Madu ya fito da zakaru huɗu a ɗaure da kwaryar ƙwai, yana ta "Lale, Hajja, lale." Ni kuma bakina ya yi ƙaiƙayi.

Na ce, "Hajja, ki dai yi hattara. Kajin bawan nan nawa kwano ɗaya suke sha da kare. In baƙinki suka fara haushi bayan cin abinci, kada ki ce Mikail bai gaya miki ba."

Ta yi dariya, don ta san wasan. Shi ma ya yi, ya ce, "Kada ki kula Fulata, Hajja, nono ne ya tsinke masa a kai." Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Sai ta ce bari ta shiga ta gaida Ya Kellu.

Na bi bayanta. Barsu yana bakin kwano yana lasar ruwa, kaji uku sun jera kusa da shi suna ɗaga wuya. Hajja ta tsaya. Ta tattare gefen lafayarta sama kamar mai tsallake kwata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ba Madu, gidan malamai nake kai abincin nan." Ta fita ta bar zakarun a ƙasa. Na mayar da ita Shehuri hannu rabbana.

Ba Madu ya je wurin Malam Sa'id, limamin unguwa. Malam ya ce ajiye kare don gadi ya halatta, kuma kaza ba ta haramta don ta sha ruwa. Ya dai raba musu kwano, ya wanke wancan sau bakwai. Ba Madu ya yi hakan a ƙofar gida, da ƙasa, kowa yana gani. Amma maganata ta riga ta zaga Shehuri ta dawo, ta liman kuwa ko layinmu ba ta ƙetare ba. Mai shayi ya ce shi bai ƙi ba, masu shan shayi ne ke tambaya. Yara suka fara yin haushi in Ya Kellu ta wuce.

Na so in gyara. Na karɓi ƙwai biyar na kai teburin mai shayi na ce a soya, na cinye a gaban jama'a. Sai wani ya ce a matsa, Mikail zai yi cizo. Aka kwashe da dariya. Wasan ya fi ƙarfina, ya zama na kowa.

Ba Madu ya sayo wayar raga ya raba tsakar gida biyu, ya ɗaure Barsu a gefe. Kajin suka riƙa tsallakawa suna kwanciya a jikinsa. Ya Kellu ta fara tsallake ranakun shan magani, ƙafafunta suka kumbura. Wata safiya na ji ta ta katanga tana cewa, "Ko shi ko abincinmu, Madu. Ni ma ina son sa, amma ba shi zan haɗiya ba."

Ni na kai Ba Madu da Barsu wurin wani mai lambu a bayan Old Maiduguri, aka bar masa karen. Kwana huɗu mutumin ya dawo da shi a igiya. Ya ce wannan ba kare ba ne, kajin maƙwabta sun shiga sun tone masa irin albasa kaf, shi yana kwance yana kaɗa musu wutsiya.

Saura masu sayen karnuka, waɗanda ke lodin su a kejin ƙarfe su yi kudu da su. Kowa ya san abin da ake yi da su a can. Ba Madu ya ce, "Fulata, kawo kekenka." Ya zauna a baya, Barsu a tsakanin ƙafafunsa, kansa a waje yana shan iska. Na ce ko mu bari zuwa bayan Sallah, mutane suna mantuwa. Ya ce, "Tuƙa." Da muka isa, shi da kansa ya ɗaga shi ya sa a keji, don karen ba zai yarda da hannun wani ba. Suka miƙo masa kuɗi, ya ce ba a cin kuɗin kare. Igiyar kawai ya karɓa.

Na je har Shehuri na gaya wa Hajja Ammatullahi an fitar da kare. Ta ce Allah ya kyauta, ta riga ta saba da wani mai kaji. Mai shayi ya ce a bari ƙura ta lafa. Shaho dai bai jira komai ba, a satin farko ya kwashe 'yan tsaki shida. Muzuru ya dawo ta magudanarsa. Kafin damina ta ƙare, abin da ya rage Ba Madu ya kai kasuwar da ba a san shi ba ya sayar, aka sayi magani.

Yanzu gadi yake yi a wani gidan gona a bakin gari. Ya zauna a kan benci ya buɗe ƙofa ya rufe. Mai gidan yana da manyan karnuka biyu na Turawa da ke yawo tsakanin ɗakunan kajin, kuma motoci layi suke yi suna ɗaukar ƙwai. Sau biyu ni da kaina na kai Hajja Ammatullahi can.

Bai taɓa cewa ni na jawo ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Washegarin ranar keji na leƙa katanga kamar kullum, na ce, "Bawana, zanen fuska sun cika?" Yana zaune yana naɗe igiyar nan a hannu. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam Mikail, ina kwana. Ya iyali?"

Shekara biyu ke nan haka yake gaishe ni. Na gwada kowace irin tsokana da na sani, har hularsa na taɓa cirewa a bakin masallaci. Ya tsaya ya jira har na mayar masa, ya ce ya gode.